Wa Zai Ɗauki Aaltje?

Wessel Brinkhof ya shafe shekara arba'in da ɗoriya yana aikin hukuma a garinmu, Lutterwaard, amma ranar da matarsa Aaltje ta rasu bai san ko zai samu mutum shida da za su ɗauki akwatin gawarta ba.

Ni sunana Riek, gidana na kallon nasa, hanya ce kawai tsakaninmu. Na san shi tun yana sabon kansila, dogo siriri, da kunnuwa fato-fato. Daga kansila ya zama mataimakin magajin gari, daga nan ya koma hukumar ruwa, masu kula da ganuwar da ke tare mana kogi. A kan keke yake zuwa ofis, da burodi da cuku a aljihun kwat. Daɗin baki kam Allah bai ba shi ba. In ka kai masa kuka zai saurare ka har ƙarshe, ya ce maka a'a, sannan ya raka ka bakin ƙofa. Muna zaginsa muna sake zaɓensa, don bai taɓa yi mana ƙarya ba.

Wata shekara kogi ya cika har ya kusa tsallake ganuwa, aka kwashe mu a manyan motoci, mu da shanunmu. Ganuwar ta tsaya, amma da ƙyar. Daga baya masana suka ce dole a ja ta baya, a bar wa ruwa filin da zai bazu, in ba haka ba wata rana garin ne zai tafi. Filin nan kuwa gonakin mutane ne. Akwai ta mijina marigayi a ciki, mafi girma kuma ta Derk Holtkamp ce, maƙwabcin Wessel na kusa.

Aka yi taro bisa taro, aka sha kofi har aka gaji. Ranar ƙuri'a Wessel ya ɗaga hannu ya amince. Bai aiki kowa ba, da ƙafarsa ya taka har ɗakin shanun Derk. Ina wurin, na je karɓar madara.

"Maƙwabci, an yanke," in ji Wessel. "Kuma da hannuna a ciki."

"Da hannunka?" Derk ya ce. "Hannun da ya ci abinci a teburin uwata?"

"Shi."

"To lallaɓa ka fita, ranka ya daɗe. Kar takalmin ofis ya taka kashin shanu."

An ba mu diyya, ba zan ɓoye ba. Amma Derk, mutumin da aka haifa cikin ƙamshin ciyawa, ya ƙare a hawa na uku na wani bene a birni. Sauran manoman ma kowa ya kama gabansa. Ni kaina na yi shekaru ba na amsa gaisuwar Wessel, kuma har gobe ban ce na yi kuskure ba. Aaltje ce dai ba ta fasa zumunci ba. Duk wanda ya kwanta ciwo sai ta hau bas ta kai masa miyar wake, ko da jiya ya zagi mijinta.

Wessel ya yi ritaya, aka maƙala masa lambar yabo, ya koma noman kabeji a bayan gida. Kogi ya sake cika, ya bazu a tsofaffin gonakinmu, garin ko ɗigo bai gani ba. Ba wanda ya je ya ce masa an gode, shi ma bai sa rai ba.

A wajenmu dangi ba sa ɗaukar gawarsu, maƙwabta ke yi. Na kusa shi ke tara masu ɗauka, shi ke riƙe akwati ta gaba. Ba a roƙon wannan, ba a kuma biya. Mutanen birni sun daɗe da komawa hayar maza masu baƙaƙen kwat, amma a nan, duk wanda 'yan haya suka ɗauka, an gama faɗin irin zaman da ya yi da mutane.

Da Aaltje ta cika, mai shirya jana'iza ya zo, ina kicin ina dafa musu kofi.

"Yallaɓai, in kawo mutanena shida?" ya tambaya.

"A'a. Maƙwabta za su ɗauke ta."

"Kun yi magana da su ke nan?"

"Ba a magana."

Yana fita na dira a kan Wessel. "Taurin kan nan naka zai bar baiwar Allah a ƙasa! Kira Derk mana, bakinka zai tsage ne?"

"In na roƙa, Riek, abin ya tashi daga maƙwabtaka," ya ce. "Ni na ɗaga hannu, ba Aaltje ba. Su ma sun sani."

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma haka. Na koma gida na yi wa Derk waya na faɗa masa rasuwar, iyakarta ke nan. Yana gama ji ya ajiye wayar.

Safiyar jana'iza ƙararrawar coci na bugawa, akwati na falo, Wessel na tsaye a ƙofa yana kallon hanya. Mutumin da ya tsaya gaban zauren taro ana yi masa ihu bai girgiza ba, ran nan da ya ji motsi a hanya sai ya leƙa.

Sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya, wata na biye. Derk ya fito yana dogara sanda, manoma biyar na bayansa, duk kai ya yi fari fat. Bai dubi Wessel ba, ya miƙo min sandar.

"Riƙe min, Riek. Kar ki sayar."

Ya kama akwati ta gaba, suka ɗaga. Sai sun ɗan taɓa tafiya su sauke su huta, limamin coci na jira, ba wanda ya ce su yi sauri.

Bayan an rufe ta, Derk ya tsaya gaban Wessel yana haki.

"In da yau ne, za ka sake ɗaga hannun?"

"Zan ɗaga, maƙwabci."

"Na sani. Kai dai ba ka da gyara."

Ya karɓi sandarsa, ya shiga mota, ko kofin zaman makoki bai tsaya sha ba.

Wessel ya bi motar da ido har ta sha kwana, sannan ya juyo gare ni, hawaye na bin fuskarsa bai share ba.

"Kin gani, Riek? Maƙwabta ne suka ɗauke ta."