Kalmar da Na Rufe da Yatsa

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da na kusa jawo wa mahaifina asarar aiki saboda kalma ɗaya ta Ingilishi mai harafi huɗu.

Lokacin ana aikin bututun mai a kudu, kamfanonin waje sun shigo N'Djamena suna neman direbobi. Baba direba ne tun kafin a haife ni, amma motar da yake ja ta mutu, ya yi watanni yana zaune a gidanmu na unguwar Klémat. Larabcin gari yana bakinsa, Faransanci ma yana taɓawa, sai dai an ce waɗannan Turawan Ingilishi suke ji. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga Maiduguri ba, inda na yi shekara uku ina makaranta a hannun gwaggona. A gidanmu dai ni ce Baturiya, kuma ba ƙaramin ji da kaina nake ba.

Wata safiya bayan ya sha shayi sai ya miƙo min gawayi, ya nuna bangon zaure.

"Malama, ga ɗalibi ya zo. A yi haƙuri da shi, kansa ya bushe."

Ina da wani ɗan littafi da ya jera gajerun kalmomi masu ƙarshe iri ɗaya. Da shi muka fara: car mota, far nisa, tar kwalta. Abin ya burge Baba ƙwarai.

"Ashe 'yan ɗaki ɗaya ne," in ji shi. "Hula kawai kowa yake canjawa."

Inna tana tankaɗe tana mana dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Sai ya bi tsakar gida da buta a hannu yana maimaitawa.

Ana saura kwana biyu gwajin tuƙi a wani kamfani muka iso wani shafi mai kalma huɗu. Na koya masa fire wuta, wire waya, tire taya, na ƙara da cewa in an ce mutum tired, to ya gaji ne. Ta huɗun ita ce hire. Wallahi ban san ma'anarta ba. Maimakon in faɗa, sai na ɗora yatsana a kanta.

"Ta ƙasan nan fa?"

"Ba a cika amfani da ita ba, Baba."

Ya yarda, don bai taɓa zaton zan yi masa ƙarya ba.

Ranar gwaji ya sa farin kaftaninsa ya fita da sassafe. Kafin azahar ya dawo, ya zauna a zaure, ko takalmi bai cire ba. Inna ta kawo abinci ya ce a mayar.

"Tuƙi dai na yi shi," ya ce da ni. "Da muka sauko, Baturen ya kama hannuna yana dariya, ya ce wai ni tired ne. Na ce masa no tired. Ya ƙara dariya, ya sake faɗa. Furfurata ya gani, Malama. Kalas, shi ke nan, tsufa ya zo."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba.

Washegari da hantsi Inna za ta wanke kaftanin, sai ta laluba aljihu ta ciro takarda a ninke. Baba ya ce ai a ƙofa aka ba shi, bai ga amfanin dubawa ba. Na buɗe. Ga kalmar da na ɓoye nan an rubuta da manyan baƙaƙe, an ƙara mata d a ƙarshe. A ƙasa kuma ga kwanan watan ranar da muke ciki, da ƙarfe sha biyu.

"Me aka ce?"

Hawaye suka zubo min. "Baba, kalmar nan ce ta ƙasa. Ban san ta ba, kunya na ji in gaya maka."

Ya miƙe ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Muka tari tasi zuwa unguwar Bololo, wurin wani Bakano mai sayar da kayan gyaran mota da yake jin Ingilishi. Mutumin ya duba takardar, ya buga tebur.

"Alhaji, me kake yi a nan? An ɗauke ka aiki! Sha biyu suke jiranka da lasisi!"

Sha ɗaya ta riga ta gota. Ban taɓa ganin Baba yana gudu ba sai ranar, yana riƙe da hula yana ɗaga wa tasi hannu.

Bayan la'asar ya shigo da sabuwar rigar aiki a leda. Ina ɗaki na kasa fitowa, sai na ji ya ƙwala kira: "Ina Malama? Ɗalibi bai gama shafinsa ba." Na fito kaina a sunkuye. Bai yi min faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da kin ce ba ki sani ba, ai da tare muka je muka tambaya."

Ya yi shekaru yana wannan aikin, Allah ya jiƙansa. Ni kuma yau koyarwa nake. Duk ranar da ɗalibi ya tambaye ni abin da ya shige min duhu, a gaban kowa nake cewa ban sani ba, mu nemo tare. Na koyi cewa wanda ya yarda da kai, a kan maganarka yake takawa, kuma gara ya ga iyakar saninka da ka bar shi ya faɗa ramin da ka rufe.