Mayafi mai dagi

Shekarun baya, lokacin da na haifi ɗiyata ta biyu, mahaifiyata ta zo daga Kano ta yi mini wankan jego. Muna zaune a wani ɗan ƙaramin flat a Woolwich, wata unguwa a London. Har muka yi arba'in Umma ba ta da lokacin kanta. In ba tana dafa ruwan wanka ba tana dama kunun kanwa, in ba haka ba tana aika wa mijina saƙo ta bakina cewa ya daina buɗe taga, alhali yana zaune a falon yana ji.

Da aka gama arba'in aiki ya ƙare, sanyi ya shigo, ga shi da sauran watanni kafin ranar komawarta. Matar da a gida ba ta wuni ba tare da ta leƙa maƙwabta ba, sai ga ta a gefen hita tana kallon motoci ta gilashi. Ta sake wa kicin ɗina tsari har gishiri ma sai na tambaye ta inda yake. Na san in ban nema mata abin yi ba, ni ce zan zama abin yin.

Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ce ta ba ni labarin wasu mata 'yan sa-kai da ke haɗuwa a laburaren unguwarmu. Suna saƙa mayafin wuya na ulu, irin wanda ake naɗawa saboda sanyi, sai a kai asibitocin da ke karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ta ce sau da yawa akan riƙe kayan jikin mace saboda bincike, ta fito da kayan aro. To sai a miƙo mata kwando ta zaɓi mayafi ɗaya, don ta san akwai wadda ta zauna ta saƙa abu da hannunta saboda ita. Mai saƙa ba ta sanin wadda ta ɗauka, wadda ta ɗauka ba ta sanin mai saƙa.

Umma ta yi shekaru tana saƙa hulunan jarirai da safa tana sayarwa, don haka na san aikin nata ne. Matsalata ita ce yadda zan yi mata bayani, don mu ba mu tashi muna faɗin irin wannan kalma a gaban iyaye ba. Na yi ta kewaye-kewaye, ina cewa matan da aka zalunta, matan da tsautsayi ya faɗa wa.

Ta dube ni ta ce, "Fyaɗe kike nufi. Faɗi mana, ni na haife ki. Can gida ma akwai, sai dai mu abin da muke ba su shi ne a yi shiru. Yaushe ake zuwa?"

Yawancin matan ƙungiyar tsofaffi ne, shugabarsu wata Baturiya mai fara'a. Turancin Umma bai wuce gaisuwa da godiya ba, amma da ta kama tsinken saƙa ba a ƙara neman tafinta ba. Abu ɗaya ne bai yi mata ba. Ta ɗaga mayafan da suke saƙawa, kowanne launi ɗaya ba ado, ta ce mini wannan ai bargon asibiti ne. Nata na farko da ta gama kore ne, ta saƙa masa dagi fari a baki biyu, irin dagin nan na Arewa da muke gani a jikin gini da wuyan riga. Baturiyar ta yaba sosai, sannan ta ɗan ce su sun fi son marar ado. Ni kuwa da nake tafinta, yabon na fassara wa Umma, sauran na haɗiye, ita kuma ta ci gaba da saƙa nata duk iri ɗaya. A ganina, a gari mai girman London wa zai damu da ɗan dagi a bakin mayafi.

Na manta cewa London ta Hausawa ƙauye ce. Kun san al'adarmu, in uwar wata ta zo daga gida dole a zo gaishe ta. Duk ƙarshen mako falonmu cike yake da mata, daga masu kawo dambun nama sai masu kawo saƙon da za a kai musu Kano. Kowacce ta zo sai Umma ta baje mata mayafan ta gani, ta kuma yi mata bayanin waɗanda ake saƙa wa. Su ce Allah sarki, Allah ya ba da lada.

Cikin masu zuwa akwai wata da duk muke kira Anti, tana zaune a unguwar Catford. Mutuniyar kirki ce, ita ce ta farko a gidan haihuwa, ita ce ta farko a gidan rasuwa. Sai dai magana ba ta kwana a cikinta. In kika gaya mata abu a falo, kafin ki kai tashar bas an ji a Kaduna. Ta ga mayafan ta ce lallai sai an ba ta ɗaya.

Umma ta ce, "A'a, wannan ba na masu lafiya ba ne. Allah ya raba ki da ranar da za a ba ki shi."

Aka yi dariya aka ce amin. Ta haka duk matan da muke hulɗa da su suka san cewa mayafi kore mai farin dagi na Umma ne, kuma suka san inda ake samunsa.

Bayan wasu makonni aka yi wani suna a Catford, a wani zaure da aka kama haya. Akwai wata ɗaliba da ta zo karatun digiri na biyu, yarinya mai kunya, ba ta da kowa a ƙasar. Takan zo taro ta taya aiki, ta sha gaya mana cewa da ta gama za ta koma a yi bikinta. An kwana biyu ba a gan ta ba, muka ɗauka karatu ne ya yi zafi. Ana cikin rabon abinci ta shigo, da kwat ɗinta, wuyanta naɗe da mayafi kore, farin dagin yana lilo a ƙirjinta.

Na waiga na ga Anti a gaban kular shinkafa, ludayi a hannu, ta daina zubawa, idonta a wuyan yarinyar. Wasu mata biyu ma sun dubi juna. Ita kuwa baiwar Allah ba ta san komai ba, tana ta gaishe da mutane. Na san in aka tashi daga taron nan a haka, kafin ta koma ɗakinta labarin ya isa gidansu da gidan wanda za ta aura, kuma ba da bakinta ba. Ni da nake ganin kaina 'yar boko mai dabara, sai ga ni tsaye riƙe da faranti kawai.

Sai na ji muryar Umma daga cikin dattawa, da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"Ke 'yar nan, zo nan. Ashe dai kina sa shi. Ai na ɗauka raina shi kika yi."

Yarinyar ta ƙaraso ta durƙusa, fuskarta cike da rashin fahimta. Umma ta kama mayafin tana gyara mata naɗin.

"Ranar da kika zo gaishe ni na ga wuyanki a waje, na ce sanyin garin nan zai kayar mini da ke. Ni na saƙa shi da hannuna, duk matan nan sun san saƙata. Ya yi miki kyau."

Ina kallon lokacin da yarinyar ta gane. Ta dubi dagin, ta dubi Umma, ta dubi matan da ke kallonta. Umma ta riƙe mata tsintsiyar hannu gam ba ta saki ba. Da ƙyar ta ce, "Na gode, Umma."

Anti ta ajiye ludayi ta matso. "Haba Hajiya. Ni na roƙa kika hana ni, kika ce ba na masu lafiya ba ne."

"Na sake shawara," in ji Umma. "Na ga 'ya'yana ma suna jin sanyi. Naki na nan tafe, kowa ma zai samu."

Nan take wuri ya kaure. Wannan ta ce ita ma, waccan ta ce a yi mata booking tun yanzu, wata ta ce nata da na 'yarta. Umma tana ta cewa to, to. Aka ci gaba da rabon shinkafa.

A bas muna komawa na kasa haƙuri. Na ce, "Umma, yarinyar nan fa ba ta taɓa zuwa gidanmu ba."

"Ta zo. Kin kai jaririya rigakafi."

"Umma, ai tare muka je rigakafin."

"Na ce miki ta zo. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

Mun wuce tasha da yawa kafin ta sake magana, tana kallon waje. Ta ce ita ta yi wa abin sadaka tambari, ita kuma za ta goge shi. Ta ce gobe in kai ta kasuwa ta sayi zare, kore da fari, duk wanda ke shagon.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma ta Umma ta yi 'ya'ya, kuma ita ta yi renonsu. Sauran zamanta a London a kan saƙa ya ƙare. Daga ta idar da sallar asuba sai ta ɗauki tsinke. Tana da ciwon gaɓoɓi dama, sanyi kuma ya taso shi, yatsunta suka kumbura har zobenta ya daina fita. Na ce ta huta haka, ai an riga an yarda da maganarta. Ta ce ban san mutane ba. Irin su Anti sai sun kwana sun tashi suke sake juya magana, kuma muddin wuya ɗaya ne ke ɗauke da dagin nan, ba za a manta da wuyan ba. Sai ya zama ko'ina aka duba shi ake gani.

Har ni ta tilasta wa koyo. Nawa ya fito gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, muka ba mijina, ya karɓa don ba shi da bakin ƙi. Mun kuma je mun gaya wa Baturiyar abin da ya faru, ba tare da mun ce wace ce ba. Ba ta yi mana gori ba, ko da yake ni na san wadda ta haɗiye rabin fassara. Ta bi asibitocin ta karɓo sauran masu dagin da ba a ɗauka ba, su ma muka raba wa mata. Daga nan duk wanda Umma ta saƙa wa ƙungiya launi ɗaya ne, bargon asibitin da ta raina.

Anti ce ta fara samun nata, da gangan. Kowacce Umma za ta ba sai ta naɗa mata da hannunta, ta ce ta ga wuyanta a waje. Kafin sanyi ya wuce, in kika je taron mata sai ki ɗauka anko aka yi.

Ana saura kwanaki kaɗan Umma ta tafi, ɗalibar ta zo gidanmu, zuwanta na farko na gaskiya. Ta durƙusa ta gaishe ta. Suka yi hirar sanyi, da tsadar attaruhu, da yadda furar London ba ta kama ƙafar ta gida ba. Can ta lura da yatsun Umma. Ta tambaye ni ko akwai man zafi, na kawo, ta zauna a ƙasa tana shafa mata yatsa bayan yatsa. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "A cikin kwandon, shi kaɗai ne ya yi kama da gida."

Umma ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Ki dinga rufe wuyanki."

Iyakar abin da suka ce a kan maganar ke nan. Ni kuwa na shige kicin wai zan dafa shayi, na tsaya gaban buta na yi kukana.

Har yau in na tuna, tausayi da kunya ne suke kama ni tare. Mu mutane ne masu son jaje, kuma abu ne mai kyau. In abu ya sami mutum mukan cika masa gida, kowa ya ce sannu, kowa ya san mun zo. Amma na koyi cewa akwai ciwon da mai shi ne kaɗai ke da ikon faɗa, a ranar da ya ga dama, ga wanda ya ga dama. Waɗannan tsofaffin da suke saƙa abu ba ado ba rashin iyawa ba ne ya sa su.

Yarinyar ta gama karatunta ta koma gida, tana nan lafiya da iyalinta. Ita ta ce in rubuta wannan, ko wata za ta amfana, ni kuma na canza abin da ya kamata a canza. Na san cikin masu karanta ni akwai waɗanda har yanzu mayafin nan yana cikin akwatinsu. Idan kina cikinsu, kuma kin fara ƙoƙarin tuna wuyan da kika fara ganinsa a kai, don Allah ki bari. Yatsun mahaifiyata sun kumbura ne don kada ki tuna.