Ranar da Balaraba Ta Kori Surukan Kawu

Balaraba ba ta san zama ba tun tana zanin goyo. A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife ta, kuma tsofaffin layin na rantsuwa cewa ko askin suna sai da aka taru aka danne ta. Ta girma ta zama nas a wani asibiti a Tarauni, ɗakin mazan da aka yi wa tiyata. Takalminta na aiki ba ya ganin sallah biyu.

Da aka tura su bita kan auna ciwon majinyaci, sai ta dawo da tambaya guda a baki: daga sifili zuwa goma, ciwonka nawa? Dangi suka shiga uku. Ko tuntuɓe ka yi, sai ka ba da lamba. An ce har mai adaidaita sahu ta tsare da tambayar don ta ga ya dafa ƙugu.

Ana nan sai aka yi wa Kawu Ƙasimu aikin ciki, ƙanin mahaifiyarta, tela a Unguwar Gano, aka kwantar da shi a ɗakin da take aiki. Washegari gadonsa ya cika da masu dubiya, a gaba-gaba iyayen matarsa, da kwanukan da za su ciyar da Ƙauyen Alu kaf.

"Kawu, ciwon nawa?" in ji Balaraba.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Abokiyar aikinta Nkiru, haifaffiyar Kano, ta ja ta gefe. "Tun safe haka yake ce mini, allurar rage zafin ma ya ƙi. Amma ki dubi hannunsa."

Kawu ya damƙe ƙarfen gado kamar za a ƙwace masa, gumi na bin wuyansa, numfashi sama-sama. Balaraba ta san sauran: wanda zafi ya hana jan numfashi da tari, majina ke taruwa masa a ƙirji, ciwon huhu ya biyo baya. Ta kuma san Kawu. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gaban surukai, shi ne zai ce wayyo a gabansu?

Ta fita, ta dawo. Ta gyara labulen da ba abin da ya same shi. Lokacin dubiya da saura, kuma korar suruki magana ce da za ta riga ta isa gida. Ta zaga gadon har ƙasa ta fara lotsawa, sannan ta rusuna.

"Baba Alhaji, Hajiya, ku yi haƙuri ku ɗan ba mu wuri."

"'Yar nan, ko addu'a ba mu shafa ba," in ji Alhajin.

"A shafa daga waje, Baba, za ta iso."

Suka kwashi kwanuka suka fita, Hajiya na harararta har bakin ƙofa. Balaraba ta ja labule.

"To Kawu, ba kowa. Nawa?"

Ya leƙa ta gefen labulen. "Sun yi nisa?"

"Sun yi."

"Ke, ma'aunin nan naki a goma ya tsaya?"

Ta ruga ta ɗauko allurar da likita ya rubuta. Kafin la'asar Kawu ya saki ƙarfen gado, ya yi tarin da ya firgita na gadon kusa, ya yi barci.

Da aka sallame shi, Kawu bai zarce ko'ina ba sai gidan surukai ban haƙuri.

"Yaran zamani ne, Alhaji," in ji shi, kansa a ƙasa. "Ni ba abin da ke damuna a ranar."