Wasan Ƙarshe da Taubashina

Na kai shekara hamsin a duniya, abubuwa da yawa sun shige mini duhu, amma akwai wani al'amari guda da na tabbata zai raka ni har kabari, wato abin da ya faru tsakanina da taubashina a kwanakinsa na ƙarshe a Jidda. Ba zan ambaci sunansa ba, domin iyalinsa suna nan da rai. Ya isa in ce ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, kuma tare aka yaye mu a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi a Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyarsu ta zuwa hajji, zangon da ya zama gari.

A al'adarmu, ɗan namiji da ɗan mace abokan wasa ne. Ni ɗan namiji, don haka ni ne ubangida, shi kuwa bawana. Tun muna kiwon awaki haka nake kiransa, shi kuma yana ramawa da duk abin da ya zo bakinsa. Da na tafi jami'a na dawo da tabarau, sai ya raɗa mini Malam Ido Huɗu. Shi ya riga ni tsallakowa Jidda, ya kafa tukuba a unguwar Mahjar yana gasa tsire, wanda mutanen gari ke kira sire, ya yi aure ya hayayyafa. Ni na biyo baya, na sami aikin fassara a wani ofis a Bagdadiyya, na kama ɗaki guda a Bani Malik. Iyalina suna Sudan, iƙamarsu, wato takardar izinin zama, ta ƙi fitowa shekara da shekaru. A ofis Ustaz ake ce mini, a masallaci ma Ustaz. A duk faɗin birnin nan mutum ɗaya ne kawai yake iya duban idona ya ce, “Kai, Ido Huɗu, duk karatun nan naka ko wuƙa ba ka iya riƙewa ba,” kuma saboda wannan maganar nake shiga mota kowace Juma'a bayan la'asar in tafi Mahjar.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, asibiti suka riƙe shi na ɗan lokaci, daga baya suka sallame shi, kowa kuma ya san ma'anar irin wannan sallama. Na je duba shi a gida. Na tarar da ɗakin cike da maƙwabta, kowa ya sunkuyar da kai yana addu'a ƙasa-ƙasa, fankar sama tana juya iska mai ɗumi da gishirin teku. Ya rame ƙwarai. Amma na daure, na yi abin da na saba yi tun muna yara. Na ce da ƙarfi, “Kai bawa! Wa ya ba ka izinin kwanciya? Gudun aiki ne kawai, tashi ka hura mini wuta.”

Na ga leɓensa ya motsa zai ba ni amsa, sai tari ya sarƙe shi. Kafin tarin ya lafa, babban ɗansa ya riga ya kama hannuna ya fitar da ni waje. Saurayi ne a lokacin, haifaffen Jidda, yana jin Hausa amma Larabci ya fi masa sauƙi a baki. Ammi yake kirana, wato baffa. Ya ce, “Ya Ammi, aib, abin kunya ne! Babana yana mutuwa, kai kana ce masa bawa gaban mutane? Halas, ya isa haka. Kar ka ƙara zuwa.” Ya rufe ƙofa.

Na daɗe ina tambayar kaina ko yaron ya yi laifi, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Ba a daɗe da soke bauta a ƙasar ba, kuma da kalmar bawa yaran unguwa suke jifan duk mai baƙar fata. Shi kansa ya sha dawowa daga makaranta da riga a yage saboda ita. Ya sha jin muna wasanmu a bakin tukuba, ashe haɗiyewa kawai yake yi, mu kuwa bai taɓa zuwa mana a rai ba cewa abin yana bukatar bayani. Wa yake yi wa ɗan Bahaushe bayanin taubashi?

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Kullum in na tashi daga aiki sai in tafi Mahjar, in yi la'asar a masallacin layinsu, in zauna ina kallon masu shiga gidan da masu fita. Tukubar tana nan a rufe da buhu, kyanwa tana kwance a kai. Ban iya buga ƙofar ba, domin ban so a yi hayaniya a kan marar lafiya, ban kuma iya komawa ɗakina da wuri ba, domin babu kowa a ciki. Abin da nake tsoro ɗaya ne: a fito da makara ina zaune a waje kamar baƙo.

Wata safiya ina bakin aiki sai ga saurayin a ƙofar ofis. Bai yarda mun haɗa ido ba. Ya ce, “Ammi, yalla, taso mu tafi. Baba ya ƙi shan komai. Umma ta ce in zo da kai, ko da ɗauka ne.”

Da muka shiga, matar taubashina ta tare ni a tsakar gida, ta ce, “Malam, tun ran nan yake tambayarka. Ya ce duk mai shigowa yana yi masa magana kamar an riga an sa shi a likkafani.” Na shiga ɗakin, saurayin yana biye da ni. Saboda shi na tausasa murya, na ce, “Sannu ɗan'uwa, ya jiki? Allah ya sa kaffara ne.” Sai mutumin ya juyar da fuskarsa ga bango. Can ya ce da wata siririyar murya, “Kai ma salla ka zo yi mini?”

Na dubi yaron, na dubi uban. Sannan na ja kujera na ce, “Salla? Wa zai ɓata alwalarsa a kan bawan da ya gudu ya bar tukuba? Ko kyanwa ta fi ka zuwa aiki, ga ta can tana gadi.” Sai na ga kafaɗarsa tana rawa. Ya juyo, hawaye na zuba saboda dariya da tari, ya ce, “Ido Huɗu, ashe ba ka mutu ba. Ubangidan da ko akuya ba shi da ita.” Na ce kunun nan da ke ajiye nawa ne, kada ya kuskura ya taɓa abincin manya. Ya ce sai ya sha, in na isa in hana. Ɗansa ya tallafe shi, ya kurɓa har ya kusa rabin kofi. Sannan ya riƙe hannun yaron ya ce, “Ya waladi, ɗana, uwata da ubansa ciki ɗaya. In ya daina zagina, to ba ni da kowa.”

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Aka yi zaman makoki irin na mutanen Hijaz, an jera kujeru a bakin layi, dangi suna tsaye a sahu, masu gaisuwa suna wucewa ɗaya bayan ɗaya suna dafa kafaɗa. Saurayin da kansa ya kama hannuna ya tsayar da ni a farkon sahu. Kowa ya zo sai ya ce, “Allah ya girmama ladanka, ya Ustaz,” ni kuwa ina amsawa, ina jin kamar an bar ni ni kaɗai a tsakiyar teku. Da jama'a suka ragu, yaron ya matso ya tambaye ni a hankali, “Ammi, ni wane ne taubashina?” Na lissafa masa 'ya'yan gwaggonsa da ke Sudan, waɗanda bai taɓa gani ba, wataƙila kuma ba zai gani ba.

Tun daga ranar babu wanda ya sake yi mini ba'a. Abin da na koya shi ne, girmamawa ana samunta a wurin kowa, har wanda bai san ka ba, amma mutumin da zai zage ka ka ji sanyi a zuciya, Allah ne yake ba ka shi, kuma ba ya ba ka da yawa. Na kuma koyi cewa abin da muka gada, in ba mu zaunar da 'ya'yanmu mun gaya musu ma'anarsa ba, wata rana za su ji shi a bakinmu su ɗauka cin mutunci ne, kuma ba su yi ƙarya ba. Allah ya jiƙan bawana, ya sa ya huta.