Majanyin da ya tsayar da ni a gadar Beteru

Shekaru sun tura, abubuwa da yawa sun zube mini daga kai, har wani lokaci sai jikoki sun nemo mini inda na ajiye carbina. Amma ranar da aka sauke ni daga mota a gadar Beteru saboda ƙyallen da na goya 'yata da shi, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

A Jugu na yi aure, can ƙasar Dahome, gidan tsofaffin fataken goro. Kakan maigidana madugu ne, ya sha kai ayari Gwanja. Cikin abin da ya bari akwai wani ƙyalle mai kauri, ja da fari da shuɗi, layukansa duk sun haɗu a tsakiya. Matan gidan suna ce masa mararraba. Labarin da na tarar shi ne wani Baturen Ingila ya ba madugu shi a can Gwanja, ya ce ya ɗaura a sanda gaban ayari. Tun daga nan ba mai tare su a hanya, 'yan fashi ma in sun hango shi sai su koma daji. Da madugu ya rasu, ƙyallen ya koma akwatin surukata, wadda muke kira Inna. Duk wanda zai yi tafiya mai nisa sai ta naɗe shi ta cusa masa a ƙasan kaya, in ya dawo lafiya ya mayar. Ni dai ban taɓa jin wani ya ce masa tuta ba. A lokacin ko baƙi ɗaya ban iya karantawa ba, abin da na sani kawai ƙyallen madugu ne mai albarkar hanya.

Shekarun juyin juya hali ne, an riga an sauya wa Dahome suna. Watannin nan kuma ƙasa ba ta zaune, don an ce sojojin haya sun sauka a Kwatano an kore su, ana neman waɗanda suka haɗa baki da su. Kowace hanya da shinge, kowa ya zama kamarad, wato abokin gwagwarmaya, mutum kan fita kasuwa a ji shiru.

Cikin wannan hali 'yata ta uku, takwarar Inna, ta kamu da zawo. Watanta tara. Kwana huɗu ana abu ɗaya, idanunta suka faɗa, maɗigarta ta lotsa, nono ma ta daina kamawa. Mai allurar unguwarmu ya duba ta, ya ce in ba a kai ta Paraku an ƙara mata ruwa yau ba, shi ba shi da abin cewa. Maigidana yana Malambil sayen albasa. Sai Inna ta ce in tashi, tunda yayana yana zaune a unguwar Lajifarani can Paraku.

Majanyaina duk suna kan igiya a jiƙe, don tun asuba nake wanki. Inna ta shiga ɗaki ta fito da mararraba.

"Juyo, 'yar nan," in ji ta.

"Inna, ba a cikin kaya ake sa shi ba?"

"Kaya ne ba su da lafiya? Takwarata ce matafiyar, a jikinta zai zauna."

Ta ninka shi biyu, ta tallafo gindin yarinyar da shi, ta ɗaure mini a ƙirji da hannunta. Na yafa mayafi a kai ya rufe komai. Na shiga bayan wata babbar mota, kamiyon doya, direban ɗan unguwarmu ne, a gidanmu yake sayen goro.

Rana ta take muka iso Beteru. Gab da gada an gitta itace a kan duro biyu, ga masu gadi da bindigogi, wasu ko takalmi babu. Aka ce kowa ya sauka. Ina dirowa ƙarfen mota ya kama mini mayafi ya zare shi. Ban ma lura ba, hankalina yana kan numfashin da nake ji a bayana. Sai na ga duk idanu sun koma kan goyona.

Shugabansu ya taso daga ƙarƙashin mangwaro, wani siriri mai tabarau, da ganinsa ya taɓa koyarwa a lakwal, makarantar boko. Da Dendanci ya yi mini magana, yana cusa Faransanci.

"Kamarad, mene ne wannan a bayanki?"

"'Yata ce, ranka ya daɗe. Ba ta da lafiya."

"Babu ranka ya daɗe a ƙasar nan yanzu. Ƙyallen nake tambaya. Kwance shi."

Na kwance, na rungumo yarinyar a ƙirji. Ya karɓe shi da yatsu biyu a ninke. Ya ce tutar Ingila ce, tutar da aka bi aka cinye ƙasashen mutane, ga Najeriya nan kusa a tambaye su. Ya ce a irin wannan lokaci ba mai yawo da ita sai wanda aka aiko ya nuna wa wasu alama. Wa ya ba ni? Wa zan kai wa a Paraku?

Na buɗe baki in ce Inna, sai na ga tsohuwar a idona ana jan ta zuwa gidan jandarma, ana binciken ɗakuna, ana jiran maigidana ya dawo. Na rufe bakin. Ba dabara ba ce, tsoro ne ya ƙulle mini harshe.

Ya juya wajen direba. "Kai ka ɗauko ta. Matar wa ce?"

Mutumin da ya sha ruwa a zaurenmu ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. "Ni tasha na gan ta, kamarad. Ban san ta ba."

Aka ɗaga itace, fasinja suka hau ba wanda ya waiwayo. Ina tsaye kamiyo ya haye gada ya sha kwana. Ina jin ƙararsa har ta ɓace.

Suka zaunar da ni a kan dutse bayan duro. Shugaban ya ce sai motarsu ta zo a tafi da ni wurin manya, yau ko gobe. Gobe. Kalmar nan ita ta fi bindigogin firgita ni. Na sa wa yarinyar nono, bakinta a buɗe amma ba ta ja. Na mintsini fatar cikinta da yatsu, ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Da tana kuka da na ji sanyi, to ba ta yi. Na roƙi ruwa, ɗaya daga cikinsu ya turo mini gwangwani da ƙafa yana kallon wani gefe. Ina ɗiga mata a leɓe ina karanta duk abin da na haddace, ina kallon inuwar mangwaro tana matsawa. Tun ina yarinya ake ce mini mai haƙuri, amma ranar na gane wani haƙurin rashin abin yi ne kawai.

Can mutane suka taru, matan da ke soya doya a bakin gada da fasinjan wata mota. Shugaban ya ga taro, ya hau kan duro zai yi jawabi. Ya kama ƙyallen da hannu biyu ya warware shi da ƙarfi don kowa ya gani. Abin da 'yata ta yi tun daga Jugu yana cikin ninkin. Ya fallatsar masa a riga, ya gangaro masa har gwiwar hannu.

Wata mai doya ta toshe baki da zane. Wani mai bindiga ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na ce shi ke nan, yau zai harbe ni. Ya sauko daga duro, fuskarsa ba annuri, ya tsaya a kaina.

Ban san daga ina maganar ta zo ba. A hankali na faɗe ta, yadda nake magana kullum.

"Kamarad, ka yi haƙuri. Ni ban san tuta ba ce. Amma ka duba da kanka. Wadda take girmama masu ita, za ta ɗaura ta a gindin yarinya mai zawo?"

Ya daɗe yana kallona, ya kalli hannunsa, ya kalli taron. Sai ya ɗaga ƙyallen sama ya ɗaga murya.

"Kun gani? Ga abin da jariran juyin juya hali suke yi wa tutar 'yan mulkin mallaka!"

Aka kwashe da dariya da tafi, kowa ya samu damar fitar da wadda ya danne. Shugaban ya jefar da ƙyallen ƙasa, ya sa aka zuba fetur, ya miƙo mini ashana. Sau uku tana mutuwa a hannuna. Ta huɗu ta kama. Na tuna Inna, amma ban tsaya kallo ba.

"Tafi," ya ce. "Ki kai ta likita."

Da me zan kai ta? Na naɗe ta a mayafi na haye gada da gudu, takalmi ɗaya ne a ƙafata, ban san inda na nufa ba. Ina shan kwana sai ga kamiyonmu a gefen hanya, an buɗe masa baki, fasinja suna zaune a inuwa suna zagi. Direban ya fito daga ƙarƙashi da sufana a hannu, rigarsa ko ɗigon baƙin mai babu.

"Uwar gida, hau gaba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Injin nan ya gaji da ƙarya, ke nake jira."

Kafin la'asar sakaliya muna asibitin Paraku. Sai da suka nemi jijiya a hannu suka rasa, a kai suka sa mata ruwan. Ma'aikaciyar ta ce mini kada in tambaye ta abin da zai faru da mun ƙara jinkiri. Kwana na biyu yarinyar ta tsala kuka, na zauna a ƙasa ni ma na yi nawa.

Da muka koma gida ba mararraba, Inna ta yi mako ba ta kula ni ba. Har ta rasu tana cewa albarkar mararraba ce ta fitar da mu, ni kuma ban taɓa yi mata musu ba. Bayan shekaru, a makarantar yaƙi da jahilci, malaminmu ya kawo littafi mai tutocin duniya. Na nuna mai kama da mararraba na tambaye shi. Ya ce layukan nan gicciye ne guda uku na ƙasashe uku da aka haɗa. Gidan masu sallah, shekara da shekaru muna cusa shi cikin kaya don neman tsari.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, kayan mai mulki ba ya zama naka don ya daɗe a akwatinka. Ƙarfin da ke cikinsa na masu shi ne, in sun tafi sai ya bar ka da masu jin haushinsu. Tun daga nan ban sake ɗora wa 'ya'yana wani abu ba, ko laya ce, sai na tambayi abin da ke ciki da wanda ya yi shi. Ana ce mini mai yawan tambaya, ina ji, amma ban fasa ba.