Rumfar da Yaya Lurwanu Ya Ɗaure

Yayana Lurwanu, Allah Ya jiƙansa, kansa ya fi dutsen Harra tauri. A gonakin dabinon Ƙuba, gefen Madina, ya tashi, yana kafa wa mutane rumfuna, kuma bai ga teku ba sai da ya yi gemu.

Wajen 1975 ne mutanen Madina suka fara cika motoci suna zuwa Yanbu, garin bakin teku, hutu. Yaya ya bi su, ya tarar da jiragen masunta yashe a rana, katako sai tsagewa yake. Ya ce wa wani masunci, Ali, zai yi wa jirginsa rumfa. Ya kuwa yi, har da ƙofa, ya bi ta da ƙusa kamar yadda ya saba a gida. Shi a ganinsa ƙusa ƙusa ce. Ina! Iskar Madina busasshiya ce, ta can kuwa gishiri ce zalla. Shekara ba ta zagayo ba tsatsa ta cinye ƙusoshin, rufin ya rufto ya fasa gefen jirgin Ali.

Abin ya ƙona masa rai. Masunta suka laƙaba masa "kafintan tudu". Na ce, "Yaya, don girman Allah ka dawo gonarka."

Ya ce, "Dumbulwa, wallahi sai na kafa wadda ba za ta faɗi ba."

Ya gyara jirgin, ya dawo Ƙuba ya zauna tufkar igiya da zaren dabino har tafin hannunsa ya tsage. Sabuwar rumfar da ya koma ya kafa wa Ali ko ƙusa ɗaya babu, ɗauri ne tun daga ƙasa har sama. Ta tsaya. Masu yi masa dariya suka zo neman tasu, rumfuna suka jeru a gaɓar. Mu ma in mun je hutu a inuwarta muke gasa kifi. Daga baya wasu suka yi nasu da bulo da kwano.

Shekara goma da wani abu, aka ce titi zai bi ta wurin, za a share gaɓar. Katafila ta fara daga can ƙarshe tana turewa. Ali ya ce, "Khalas, shi ke nan, Malam Lurwanu, bar ta a ture."

Yaya ya ce, "A ture wa?"

Mutumin nan da furfurarsa ya haye sama yana kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Direba na danna hon, ni ina ihu ya sauko, ko waiwaye. Ya loda itacen da igiyoyin a akori-kura, sai Madina.

A gonarmu ya sake ɗaure ta, ƙofa na kallon yamma, wajen teku. Na ce, "To Yaya, wane jirgi zai shiga nan? Awaki?"

Ya ja ƙullin ƙarshe da haƙori, ya tofar da zaren. "Su shiga mana. Kin dai gani da idonki, kwance ta na yi. Ba ta faɗi ba."