Cástulo, Mai Kwaso Mana Wasiƙu

Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu, 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Don Cástulo Rentería a gidansa da ke unguwarmu ta Lomas del Pirul, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ni Fermín Zepeda, shugaban ƙungiyar masu gidaje, aka ɗora wa rubuta ta'aziyya, tunda shi ne uban baftismar 'yata. Compadre, kamar yadda muke kiran juna saboda wannan zumunci, zan rubuta, amma sai na faɗi gaskiya, tunda yau ba ka da bakin katse ni da dariya.

Shekara shida ke nan da muka tare a nan. Kamfanin da ya gina gidajen bai miƙa titunan ga ƙaramar hukuma ba, don haka ba su da suna, sai lambar layi da ta fili. Gidan waya kuwa ba ya kai wasiƙa titin da ba shi da suna. Wasiƙunmu sai su yi wata biyu a cikin gari, wasu a mayar da su inda suka fito. Ni na bi hanyar da ta dace. Takardar koke goma sha bakwai na rubuta, wandona ya goge bencin kowane ofis. Kai kuwa ka samo gwangwanin biskit, ka bi gida-gida ka tara kwafin katin shaida da sa hannun kowa, duk Alhamis ka hau bas biyu ka kwaso mana wasiƙun.

Ba ka taɓa duba lamba ba. "Gidan gurgun kare," kake cewa, ko "gidan da ake ƙona wake." Doña Ausencia, tsohuwar layi na tara, ba za ta manta da kai ba. Saura kwana ɗaya a yi mata aikin ido ka tarar da takardar kiran asibitin a gidan waya, ka kawo mata kana haki, washegari ka raka ta asibiti. Da idon nan da aka gyara ta dube ni a taro ta ce, "Don Fermín, wai kai me kake yi mana ne?"

Maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Kai ake tarba da tamales, alalenmu na masara, da kofi mai zafi, ni kuwa sai fitilar titi ta mutu ake tuna ƙofata. Ranar da takardar shiga jami'a ta 'yata Itzel ta zo, wuyanka ta rungume tana kuka, ni ubanta ina gefe da hannu a buɗe. Na ce maka, "Compadre, ɓata mana aiki kake yi. In kana kwasowa, wa zai damu ya sa mana suna?" Ka ce, "Kai dai rubuta abinka, malamin takarda. Kafin su amsa, ƙafata ƙalau take." Na yi mako uku ban gaishe ka ba. Ko lura ba ka yi ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Kwana huɗu da binne ka amsar kokena ta fito: an amince, mu zaɓi sunayen titunanmu. Na karanta ta a tsakar gidanka, wajen addu'ar da ake yi kullum har kwana tara, ina jiran wani ya ce mini sannu da ƙoƙari. Kafin in ninke takardar Doña Ausencia ta ce, "To, babban titi na Cástulo ne." Hannuwa suka tashi kaf, har da na matata, ko dubana ba ta yi ba. Ni ne shugaba, ni na cike fom, na rubuta sunanka da manyan baƙaƙe na sa hannu. A kan titin nan gidana yake. Duk wasiƙar da za ta same ni har in mutu, sai ta bi ta sunanka.

Ka cancanta, kuma ba da sauƙi na rubuta haka ba. Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya saka maka da kowane takun da ka yi mana. Doña Otilia, matar marigayi, ke da 'ya'yanki da jikoki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ni ma na ɗaga hannu ranar nan, compadre, amma nawa ne na ƙarshe. Ka yafe mini.